Rigar Kariya Ta Sa-Ka-Yar: Yadda Ake Zaɓenta Don Aikin Gona, Gini Da Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai rasa ganin fadamar Kwalkwalawa ba, shimfiɗe a bakin Gulbin Rima. A nan manoman rani ke noma albasa da tumatir da tattasai da ganyaye iri-iri, a nan masunta ke jefa koma, kuma a nan jami'ar take da gonarta ta koyarwa da bincike. Amfanin da ke fitowa daga wannan fadama yana shiga tukwanen gidaje masu yawa a cikin birni. To amma noman lambu a wannan zamani ba ya rabuwa da feshin maganin ƙwari da na ciyawa, kuma sau da yawa mai feshin yakan goya injinsa ne da 'yar shara da wando naɗe zuwa gwiwa, ƙafa ba takalmi.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wata farar riga haɗe da wando da hula, wadda jama'armu suka fara gani sosai a jikin ma'aikatan lafiya lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, suka kuma sake ganinta a 2020 lokacin annobar korona. Ana sa ta sau ɗaya ne a jefar, shi ya sa za mu kira ta rigar sa-ka-yar. Masu fenti da masu feshi da masu kiwon kaji sukan saye ta, amma da yawa suna ɗauka cewa duk farar riga ɗaya ce. Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu cewa rigunan iri-iri ne, kowace da abin da take iya tarewa, kuma aikin da za a yi shi ne ke zaɓen riga. Wadda aka zaɓa bisa kuskure tana iya jawo cutar da ta fi ta rashin riga.

Fata ba katanga ba ce

Guba tana shiga jikin ɗan Adam ta baki, ko ta numfashi, ko ta ido, ko ta fata. Ga mai aikin feshi, masana sun tabbatar da cewa fata ce babbar ƙofa. Dalili kuwa shi ne, saman fatarmu yana ɗauke da maiƙo, su kuma magungunan ƙwari da yawa an haɗa su ne yadda za su narke cikin maiƙo domin su ratsa jikin ƙwaro. Abin da ya ba su ikon ratsa jikin tsutsa, shi ne ke ba su ikon ratsa fatar mutum su shiga jini, ba tare da ya ji zafi ko ƙaiƙayi ba.

Har ila yau, sassan jiki ba su yi daidai wajen tsotsa ba. A 1971 wani likitan fata na Jami'ar Kalifoniya a Amurka mai suna Howard Maibach, tare da abokan aikinsa, sun auna yadda maganin ƙwari mai suna faratiyon ke ratsa sassan jiki daban-daban. Sun samu cewa fatar hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu tana tsotse kusan kashi 9 cikin 100 na abin da aka ɗiga mata, fatar kai kimanin kashi 32, goshi kimanin kashi 36, fatar al'aurar namiji kuwa tana tsotse kusan dukkansa. Wannan ya nuna haɗarin abubuwan da ake ɗauka ƙanana: share gumin goshi da hannun da ya taɓa magani, ko zagayawa fitsari ba tare da wanke hannu ba, ko sa kwalbar magani a aljihun wando.

Idan maganin ya kasance daga dangin da ake kira oganofosfet, kamar daikulobos, to aikinsa a jiki shi ne ya danne wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiyoyi bayan an isar da shi. Sai saƙon ya yi ta maimaituwa ba ƙaƙƙautawa. Alamomin da ke biyo baya su ne ciwon kai, da jiri, da dalalar miyau, da yawan gumi, da tsukewar ƙwayar ido, da amai, da rawar tsoka, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Mutum yakan koma gida ya kwanta yana zaton rana ce ta buge shi, alhali rigar da ke jikinsa tana ci gaba da shayar da fatarsa guba.

Ƙurar da ke bin mutum gida

Me ya sa za a yi rigar da ake jefarwa, alhali ana iya wankewa? Amsar tana cikin wani abin baƙin ciki da ya faru a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya. An yi asarar yara aƙalla 400. Yaran nan ba su ne ke shiga ramin haƙa ba. Ƙurar ce ta same su a gida, domin ana daka duwatsun a cikin gidaje, kuma maza suna dawowa da ita a tufafinsu da jikinsu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da aka yi a garin Bagega a 2013. Irin wannan ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015.

Darasin a fili yake. Tufar aiki tana iya zama abin da ke ɗauko cuta daga wurin sana'a ya kai ta ga jaririn da uba ya ɗauka, da matar da za ta yi wanki, da tabarmar da aka ajiye rigar a kai. Hikimar rigar sa-ka-yar ita ce ƙazantar ta tsaya inda aka same ta.

Da me ake yin rigar?

Ba saƙa waɗannan riguna ake yi ba kamar yadda ake saƙa atamfa. Ana narkar da roba ne a fitar da ita zare-zare masu laushi, a barbaza su bisa juna, sa'an nan a manne su da zafi. Akwai iri huɗu da aka fi samu.

Na farko shi ne ƙyallen folifurofilin mai falle ɗaya. Shi ne mafi araha, iska tana shiga sosai, kuma idan an ɗaga shi sama a kan ga haske ta cikin kafofinsa. Yana kare tufafi daga datti da ƙura mai kauri, amma ruwa da ƙura mai laushi suna wucewa.

Na biyu shi ne mai falle uku, wanda ake rubuta wa SMS a jikin ƙunshi. An sa wani falle mai zare siriri ƙwarai a tsakiya domin ya zama rariya. Yana tare ƙura mai laushi da ɗan yayyafi, kuma jiki yana samun iska gwargwado.

Na uku shi ne wanda aka shimfiɗa wa siririyar leda mai ƙananan kafofi. Kafofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma wani ɓangare na tururin gumi yana iya fita. Ya fi na biyu tare ruwa, ya kuma fi shi zafi, kuma idan ledar ta karce kariyar wurin ta tafi.

Na huɗu shi ne ƙyallen foliyetilin irin wanda kamfanin DuPont na Amurka ya gano a 1955, ya fara sayarwa a 1967 da sunan Tyvek. Zarensa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, yana da wuyar yagewa, yana kuma tare ƙura sosai. Bayan waɗannan akwai riguna masu kauri waɗanda aka dalaye da leda marar kafa ko kaɗan, domin aikin sinadarai masu ƙarfi.

Hanyoyi biyu da guba ke bi

Akwai bambanci da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe. Hanya ta farko ita ce kutsawa, wato ruwa ko ƙura ya bi ta wata kafa: tsakanin zare, ko ramin allura a wurin ɗinki, ko haƙoran zif, ko yaguwa. Saboda wannan ne riguna masu inganci ake liƙe ɗinkinsu da tef, a kuma yi wa zif murfi. Ruwan feshi ya fi ruwan sha iya kutsawa, domin ana haɗa magungunan da sinadarai irin na sabulu waɗanda ke sa ɗigo ya baje a kan ganye maimakon ya dunƙule. Rigar da ruwan sama ke gangarowa a kanta tana iya jiƙewa da ruwan magani.

Hanya ta biyu ita ce ratsawa. A nan babu kafa ko ɗaya, sinadarin ne ke narkewa cikin jikin robar, ya bi a hankali ya ɓulla ta ɗaya gefen. Wanda ya taɓa ɗaure kananzir a leda ya sa kusa da abinci ya san wannan: ledar ba ta yoyo, amma warin ya fita. Masu gwaji suna auna mintocin da sinadari ke ɗauka kafin ya ɓulla, su raba ƙyallaye aji shida. Aji na 1 shi ne wanda ya jure fiye da minti 10, aji na 6 kuma wanda ya jure fiye da minti 480, wato awa 8. Ƙyalle ɗaya yana iya samun aji na 6 a gaban wani sinadari, ya kasa kai aji na 1 a gaban wani. Ratsawa ba ta tsayawa don an tuɓe riga an rataye ta, shi ya sa rigar da ta sha magani jiya ta fi haɗari yau.

Lambobin da ke jikin ƙunshi

Yawancin rigunan da ke shigowa ƙasarmu suna ɗauke da alamun ma'aunin ƙasashen Turai. Mai saye zai ga kalmar Type tare da lamba, daga 1 zuwa 6. Ƙaramar lamba ita ce babbar kariya.

Lamba 1 da 2 riguna ne na masu aiki cikin iska mai guba, ana haɗa su da na'urar ba da iskar numfashi, kuma ba na gona ko gida ba ne.

Lamba 3 tana jure ruwan sinadari da ya fito da ƙarfi kamar daga tiyo.

Lamba 4 tana jure feshi mai yawa wanda ke jiƙa riga sharkaf. Ita da lamba 3 suna ƙarƙashin ma'aunin EN 14605.

Lamba 5 ta busasshiyar ƙura ce mai cutarwa, ma'auninta EN ISO 13982.

Lamba 6 ta ɗan yayyafi ce da fantsama kaɗan, ma'auninta EN 13034.

Sau da yawa riga ɗaya takan ɗauki lamba biyu, kamar 5 da 6 tare. Idan an ga harafin B bayan lambar, tare da EN 14126, to an gwada ƙyallen a kan ƙwayoyin cuta. Akwai kuma ma'auni na musamman don masu aiki da maganin ƙwari, ISO 27065, mai matakai uku: C1 don ƙaramin haɗari, C2 don matsakaici, C3 don babba, kamar haɗa magani tsantsa. Rigar da ba ta da lamba ko ɗaya, ba sunan kamfani, ba takardar bayani, to a ɗauke ta a matsayin abin kare tufafi daga datti kawai, komai farinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kowane aiki da rigarsa

Mu fara da manomin fadama. Kafin riga, sai a karanta kwalbar magani. A ƙasan takardar akwai zane mai launi: ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya matsakaiciya, shuɗi 'yar kaɗan, kore kuma wadda ba a sa ran ta cutar idan an bi ƙa'ida. Akwai kuma ƙananan hotuna da ke nuna kayan da za a sa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na aunawa da haɗawa, domin a nan maganin yake tsantsa. A nan ana buƙatar safar hannu ta roba irin ta naitiril marar shafin auduga a ciki, da tabarau mai rufe ido, da leda mai kauri da za a ɗaura a gaba. Wajen feshin amfani gajere kamar albasa, ƙafafu da ƙauri ne suka fi jiƙewa, sai kuma baya idan injin goyo yana yoyo. Riga mai lamba 6 tana iya wadatarwa ga magani marar ƙarfi a kan gajeren amfani, amma idan amfanin ya kai ƙugu, ko ana fesa itatuwa sama da kai, ko maganin mai zanen ja ko rawaya ne, lamba 4 ake nema.

Sakkwato ƙasar fata ce da dukanci, don haka wannan gargaɗi ya zama dole: kada a yi feshi da takalmin fata, ko ɗamarar fata, ko safar hannu ta fata. Fatar dabba tana shan magani, kuma babu wankin da ke fitar da shi. Haka hular saƙa da rawani. Takalmin roba mai dogon wuya shi ne na feshi.

Magini da leburan siminti, da masu lodin buhuna irin waɗanda ake gani a hanyar Kalambaina, ƙura ce damuwarsu, don haka lamba 5 mai falle uku ta dace. Amma jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na soda, yana cin fata a hankali, saboda haka mai kwaɓa yana buƙatar takalmin roba da safar hannu fiye da komai.

A gida kuma, wanda zai shafa fentin ruwa da burushi riga mafi araha ta ishe shi. Wanda zai fesa fentin mai yana buƙatar lamba 5 da 6 tare da takunkumi mai tace tururi. Kankare tsohon fenti yana tayar da ƙurar da ke iya ƙunsar dalma. Tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata da yawa suna da silin ko rufin asbesto, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da daji bayan shekara 20 zuwa 40. Irin wannan aiki na ƙwararru ne. Idan ya zama dole a taɓa shi, a jiƙa shi da ruwa, kada a fasa ko a yanka, a sa lamba 5 da takunkumi mai inganci, kuma kada rigar ta shiga ɗaki.

Mai kiwon kaji da ya ga kajinsa suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya ya sanar da likitan dabbobi kafin ya taɓa su. An fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙasarmu ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a watan Fabrairu 2006. Kwashe matattun kaji, da yashe masai, da share rumbun da ɓeraye suka ɓata, inda ake tsoron zazzaɓin Lassa, duk suna buƙatar riga mai harafin B.

Akwai wurare biyu da rigar ba ta da amfani. Na farko kusa da wuta: ƙyallen foliyetilin yana narkewa a kimanin digiri 135 a ma'aunin Salshiyas, ya manne a fata. Mai walda da maƙeri su nemi auduga mai kauri da fata. Na biyu, ƙwayar da ake sawa cikin buhunan hatsi tana sakin iska mai kisa da ake kira fosfin. Babu farar riga ko takunkumin ƙura da ke tare ta, kuma ba a ajiye irin wannan hatsi a ɗakin da ake kwana.

Matsalar zafi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar ƙasarmu. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, alhali jikin mutum yana son ya tsaya kusa da digiri 37. Idan iska ta fi jiki zafi, hanya ɗaya ce ta rage masa ya huce, wato bushewar gumi. Kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400. Gumin da ya taru a cikin riga bai bushe ba, bai huce da komai ba, asarar ruwa ce kurum. Gwargwadon yadda riga ke tare ruwan waje, gwargwadon yadda take tsare gumin ciki. Ma'aikatan da suka yi jinyar masu Ebola a Saliyo da Laberiya da Gini ba su iya wuce kamar awa ɗaya a cikin cikakkun kayan kariya. Bugu da ƙari, fatar da ta yi zafi ta jiƙe da gumi ta fi saurin tsotse magani.

Saboda haka kuskure ne mutum ya sayi riga mafi kauri don ƙaramin aiki yana ganin ya ƙara tsaro. A zaɓi wadda ta isa haɗarin, ba ƙari ba ragi. A yi feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi kuma iska ta kwanta. A sha ruwa kafin a fara, a riƙa hutawa a inuwa, kuma kada a sha ruwa ko a ci goro sai an wanke hannu da fuska. Wanda ya fara jin jiri ko ruɗewa ya bar aiki nan take, a tuɓe masa rigar, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin alamun bugun zafi da na guba suna kama da juna.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun lura da wannan matsala. Ƙa'idojinsu na sarrafa magungunan ƙwari sun yi nuni da cewa maganin da ke buƙatar kayan kariya masu tsada, ko masu wuyar samu, ko masu takura jiki, ya kamata ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi su guje shi. Ma'ana, kafin a tambayi wace riga, a tambaya ko akwai magani mai sauƙin guba, ko wata dabara da za ta rage feshin.

Awo, sawa da tuɓewa

Riga ta fi kyau ta ɗan yi yawa da ta matse. A gwada ta kan tufafin aiki: a tsuguna, a ɗaga hannuwa, a sunkuya. Idan ta ja a hammata ko tsakanin cinyoyi, can za ta yage. A duba roba a wuyan hannu da idon sawu da kewayen hula. Ƙafar wando tana sauka ne a kan takalmi, kada a cusa ta ciki, domin kada ruwa ya gangara cikin takalmin. Hannun riga yana rufe safar hannu idan ana aiki ƙasa, safar kuma tana rufe hannun riga idan ana aiki sama da kai.

Tuɓewa ita ce inda da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. A fara wanke safar hannu tana hannu. A tura hula baya, a zuge zif, a zame rigar daga kafaɗu ana naɗe ta ciki ya koma waje, har a fita daga cikinta ba tare da bayanta ya taɓa fata ko tufafin ciki ba. Kada a kakkaɓe ta. Tabarau da takunkumi su biyo baya, safar hannu a ƙarshe, sa'an nan a yi wanka da sabulu kafin a shiga cikin iyali.

Bayan an tuɓe

Rigar da ta gama aiki sai a yanka ta da almakashi domin kada wani ya tsinta ya sayar, ko yaro ya mai da ita rigar ruwa. A sa ta cikin leda mai kauri a ɗaure, a nemi shawarar malamin gona ko jami'in tsabtar muhalli kan inda za a kai ta. Kada a sa ta a murhu, domin hayaƙinta guba ne. Kada a yar da ita a fili, domin awaki da shanu suna haɗiye leda ta cushe musu tumbi. Fiye da duka, kada a jefa ta cikin gulbi ko a wanke injin feshi a bakinsa. Magunguna irin su saifametirin suna kashe kifi ko da kaɗan ne suka shiga ruwa, kuma a Kwalkwalawa manomi da masunci da mai ɗibar ruwan sha gulbi ɗaya suke tarayya a kai.

Wanda ba shi da halin saye

Manomin da ke feshi kowane mako ba zai iya sayen sabuwar riga kullum ba, kuma maimaita tsohuwa ya fi haɗari. Abin da ya fi masa shi ne ya keɓe riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga don feshi kaɗai, ya shimfiɗa leda a bayansa ƙarƙashin injin goyo, ya gyara duk inda injin ke yoyo, ya zuba kuɗinsa a safar hannu da takalmin roba. A wanke kayan a ranar da aka yi aiki, daban da na iyali, da safar hannu, a shanya a rana. Wanda magani tsantsa ya zube masa ba a wanke shi, jefarwa ake yi. Rigar sa-ka-yar sai a tanade ta don ranakun babban haɗari.

Gwaji don aji

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi ba tare da guba ba. A samo sabon injin feshi wanda bai taɓa ɗaukar magani ba, a zuba ruwa da bular wanki. Ɗalibi ya sa tsofaffin fararen kaya ya fesa shuke-shuken lambun makaranta na minti 10, sau ɗaya yana fuskantar iska, sau ɗaya iska tana bayansa, a kaya daban-daban. A shimfiɗa kayan a zana inda shuɗi ya kama. Gwaji na biyu: a yanko ƙyallaye iri-iri, a ɗora kowanne kan farar takarda, a ɗiga ruwa zalla a gefe ɗaya, ruwan sabulu a ɗaya gefen, a auna lokacin da takardar ta jiƙe. Ɗalibai su yi bayanin dalilin bambancin.

Kammalawa

Kafin a sayi riga, mai aiki ya tambayi kansa: mene ne haɗarin, ƙura ce ko ruwa ko ƙwayar cuta? Yaya yawansa? Awa nawa zan yi, kuma cikin wane irin zafi? Amsoshin su ne za su nuna lambar da zai nema a jikin ƙunshi. Riga ita ce katanga ta ƙarshe, bayan an rage gubar, an gyara injin, an zaɓi lokaci, kuma ba ta cika sai da safar hannu da takalmi da tabarau da takunkumi. Da yawa daga ɗaliban da ke karanta wannan mujalla su ne ke karanta wa iyayensu takardar da ke jikin kwalbar magani, wasu ma su ne ke goya injin ranar Asabar. Ilmin da suka samu a nan su kai shi fadama. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.